Jirgin Maɗacin da Dara Ta Ci

Ni dai har yau ban ga abin da ake yabo a garin nan ba. Wata na huɗu ke nan a Dubai, a wani filat da ke Abu Hail, hawa na biyar, inda ɗana ya ajiye ni kamar kayan da ke jiran jirgin kago. Wai gwiwata ake dubawa. To, an duba, an ɗauki hoto, an yi allurai, gwiwa tana nan yadda na zo da ita, sai ma ciwon sanyin esi da ta ƙaro. Taga ba ta buɗuwa sai ɗan tsagi. Ba ka jin carar zakara, ba ka jin daka, ba ka jin wani ya ƙwala wa wani kira daga nesa, sai gurnanin na'ura da ƙarar lifta. Maƙwabcinmu na ƙofa da ƙofa, in mun haɗu sai ya ɗaga mini gira ya ce "habibi" ya wuce. Habibin me? Ka san ni ne? Kwanaki ɗan nawa ya ɗauke ni a mota wai zai nuna mini abin mamaki, ya kai ni wani tsibiri da aka zuba da yashi a cikin teku aka yi masa fasalin bishiyar dabino. Yana ta nuni yana murna, ni kuwa raina ne ke ɓaci. Na ce masa ya juya mu koma. Ni da aka haifa a gungu na gaskiya, wanda Allah ya ajiye da kansa a tsakiyar kogin Kwara, mutane suka taru suka nutsar da shi, ni za a kawo in yi kallon na roba?

Ranar Asabar yakan kai ni unguwar Deira, shagon wasu Kanawa masu harkar kago, wai don in samu abokan hira. Mutanen kirki ne, ba na ci musu zarafi, suna ba ni shayi suna tsokanata da "Baba na bakin ruwa". Amma akwai abin da suke yi da ke tayar mini da hawan jini. In ciniki ya lafa sai su jawo wani allon roba mai zanen fari da baƙi, su ɗora a kan kwali, biyu su zauna, goma su tsaya a kansu. Daga nan fa sai ihu. "Yalla, ci shi mana!" "Kai, ba nan ba, can!" "Khalas, ya mutu!" Wannan yana amsa waya da hannu ɗaya yana turawa da ɗaya. Wallahi da idona na ga wani ɗan kallo ya miƙa hannu ta kan kafaɗar mai wasa ya tura masa ɗa, aka kuma yi dariya. Wani daga cikinsu ya ce, "Baba, zo ka gwada mana, ai ku ne 'yan dara." Na ce, "Wannan ba dara ba ce, ɗana, wannan tashar mota ce." Suka kwashe da dariya, sun ɗauka wasa nake. Na ja kujerata na koma bakin ƙofa na ba su baya.

Ana cikin haka sai ga wata sabuwa. Ranar Alhamis ɗana ya dawo daga aiki, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ƙi tashi. Na san da magana.

Ya ce, "Baba, ashe ɗan Baffanka yana garin nan. Yana Al Nahda wurin ɗansa mai harkar kwantena. Ranar Litinin za a yi masa aikin zuciya. Ya aiko a ce maka don Allah don Annabi yana son ganinka kafin a shiga da shi. Ya ce gafara yake nema."

Na ce, "Ya nema wurin Allah."

"Haba Baba. Ɗan'uwanka ne fa, ubanninku ciki ɗaya. Zumunci..."

"Kai ne za ka koya mini zumunci? Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi sum-sum. Ba laifinsa ba ne, ban taɓa gaya masa abin da ke tsakanina da mutumin nan ba. Ko uwarsa, Allah ya jiƙanta, ta mutu ba ta ji daga bakina ba. Shekara kusan sittin ke nan ban sa shi a idona ba, ban je sunan 'ya'yansa ba, ban je jana'izar ubansa ba. Yanzu da ya ji ƙamshin wuƙar likita shi ne ya tuna yana da ɗan'uwa.

Gungunmu ba babba ba ne. In ka tashi da hantsi ka bi gaɓa, kafin rana ta take ka zagayo inda ka fara. Amma komai akwai. Da asuba abin da ke tashinka shi ne ƙarar filafili yana dukan gefen jirgi, da hucin dorina can wajen ciyayi, da taɓarya uku a turmi ɗaya. Hayaƙin bandar kifi ya kama rigunanmu har in mun je kasuwar tudu ba sai mun faɗi daga inda muke ba. Aikin samari shi ne ban-ruwan albasa da ƙwarya, ka sunkuya ka ɗebo ka watsa, ka sunkuya ka ɗebo ka watsa, har ƙugunka ya daina jin kansa. In ka gama sai kwarfe ruwan jirgi, sai ɗinkin taru, sai shanya. Ba wanda ya taɓa tambayarka ko ka gaji. Yaran yanzu da ke shiga wani ɗaki mai sanyi su biya kuɗi don su ɗaga ƙarfe, a ba su kadada ɗaya ta albasa su shayar, mu ga ƙarshen ƙwanjin.

Bayan la'asar kuwa sai dara. Akwai wata tsohuwar tsamiya a mashigin jirage, ƙarƙashinta yashi ne mai laushi. Nan dattawa ke zama. Mutum zai share wuri da tafin hannu, ya danna gurabe da dunƙulen yatsu, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Ɗaya ya ɗauki tsinken kara goma sha biyu, ɗaya ya ɗauki ɓawon ƙumba goma sha biyu daga bakin ruwa. A fara zubi, kai ɗaya ni ɗaya, ba a yarda ka jera uku tun a zubi ba. In 'ya'ya sun ƙare a hannu sai a shiga tafiya, taki ɗaya gaba ko baya ko gefe, ba tsallake, ba karkace. Wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokin wasansa. Ka jera huɗu ka yi aikin banza. Iyakarta ke nan, yaro ma zai koya a yini ɗaya. Amma na ga mutanen da suka yi furfura a gindin tsamiyar nan suna cewa har yanzu koyo suke.

Abin da ya bambanta darar gungunmu da wannan hauka da nake gani a Deira shi ne shiru. Mutum talatin za su kewaye masu wasa, ba ka jin komai sai ruwa yana lasar gaɓa da ƙarar goro a bakin wani. Doka ce, kuma kowa ya tashi ya tarar da ita. In bare ya sa baki a wasa, a tashe shi daga wurin, kwana bakwai ba zai zauna a inuwar ba. In kuwa jinin mai wasa ne ya sa baki, ɗansa ko ƙanensa, to wasa ya mutu, an cinye nasa, ko da saura taki ɗaya ya gama. Mafita ɗaya ce tak: abokin wasan ya ɗaga kai ya ce, "Ban ji ba." In ya faɗi haka a ci gaba, kamar ba a yi ba. Sarkin ruwanmu, wani dogon tsoho mai ido ɗaya wanda shi ke raba rigimar masunta, yakan ce mutanen tudu suna iya faɗa don suna da inda za su yi fushi su tafi, amma a gungu duk inda ka nufa ruwa zai maido ka gaban wanda ka zaga. Shi ya sa aka ɗaure baki tun daga wurin wasa. Mun sha jin baki shi ke yanka wuya, mun sha jin magana zarar bunu ce. Ni dai ji nake yi kawai. Tun ina ƙarami an san ni da ɓaram-ɓaram, abin da ya zo zuciyata ya riga ya fita. Inna takan ce da za a sayar da linzamin mutane a kasuwa da ta sayo mini biyu.

Mahaifina da ƙanensa, wato Baffa, jirgi ɗaya suka gada daga kakanmu. Ba irin ƙananan kwale-kwalen kamun tarwaɗa ba, babban jirgi ne da aka sassaƙa daga maɗaci guda, baƙi wuluk don tsufa, mai ɗaukar albasar gida uku ya tsallaka da ita kasuwa bai ko nisa ba. Da shi ake jan babban taru. Duk abin da muka ci, duk abin da muka sa a jikinmu, gidanmu da gidan Baffa, a cikin jirgin nan ya tsallako. Ni da ɗan Baffa sa'o'in juna ne, kwana arba'in ne tsakaninmu, tare aka yi mana kaciya, tare muke tuƙi, ni a gaba shi a baya. Shi mai shiru-shiru ne, irin masu kallonka ta ƙasan ido. A lokacin ina ce kunya ce.

Ina saurayi gemu ya fara tsirowa sai ga wasu mutane da gajerun wanduna da abin hangen nesa, suna auna ƙasa suna shafa jan fenti a jikin itatuwa. Suka ce za a datse kogi a can ƙasa, ruwa zai taso ya shanye gungu, kowa ya shirya tashi. Dattawa suka yi dariya, wai Kwara ce za a datse kamar rafin bayan gida. Ashe ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma mu ne kwandon. Da magana ta tabbata, mahaifina ya ce zai bi jama'a zuwa sabon garin da aka gina a gaɓar gabas. Baffa ya ce shi yamma zai yi, wurin dangin matarsa, tafiyar yini guda a ruwa. Tukwane an raba, taru an yanka biyu, awaki an raba. Saura jirgi. Jirgi kuwa ba ya rabuwa, kuma ba wanda zai yarda a sayar da abin da ubansa ya mutu ya bari.

Aka kai magana gaban Sarkin ruwa. Ya ce su biyun nan tun suna yara suke dara da juna, har yau ba wanda zai rantse wane ya fi wane, to su zauna su yi uku, wanda ya ci biyu ya tafi da jirgi, ba mai cewa an yi masa son kai. Liman ya ce shi fa abin nan ya yi masa kama da caca. Sarkin ruwa ya ce ai ba wanda ya zo cin dukiyar wani, rabo ne ake nema wa hanya. Liman ya ce ba ruwansa, ya kaɗe rigarsa ya tafi. Amma bai yi nisa ba, ina ganinsa ya tsaya a bayan wani rumbu inda zai iya hangowa.

Da hantsi aka zauna, ranar da ba kasuwa. Gungu kaf ya taru, har mata sun tsaya daga nesa da goyo. Jirgin yana ɗaure a mashigi, taki kaɗan daga inda ake wasan. Baba ya ɗauki kara, Baffa ya ɗauki ƙumba. Na farko Baba ya ci, bai ko daɗe ba. Na biyu Baffa ya rama. Aka share yashi aka danna sababbin gurabe, aka shiga na uku. Ina durƙushe a bayan mahaifina, gumi yana bin bayana. Ɗan Baffa, maimakon ya tsaya bayan nasa uban kamar yadda aka saba, sai ya zagayo ya durƙusa kusa da ni, kafaɗarsa tana gogar tawa. Ban kawo komai a raina ba. Abokina ne.

Wasa ya yi nisa, 'ya'ya sun ragu. Sai na hango abu. Akwai wani kara na Baba a gefen hagu, in ya matsar da shi taki ɗaya ya buɗe abin da muke kira doki, wato ka samu wurin da duk motsin da ka yi sai ka jera uku, ka fita ka ci, ka dawo ka ci, har abokin wasanka ya ƙare. Jirgi ya zama namu ke nan. Amma Baba bai taɓa shi ba. Ya zauna yana kallon yashi, yana murza gemunsa, hannunsa yana shawagi a kan wani kara na tsakiya. Ya daɗe. Na ciji leɓena har na ji gishirin jini. A nan ne ɗan Baffa ya kawo bakinsa daidai kunnena, ya yi raɗa yadda ba wanda zai ji sai ni. Ya ce, "Tsohonka bai gani ba. Yana taɓa na tsakiyar nan, jirgi ya tafi yamma."

Ban san lokacin da ta fita ba. Na ce, "Baba, na gefe!"

Wayyo Allah. Har gobe ina jin muryar nan tawa, siririya, kamar ba tawa ba.  Mai tauna goro ya daina. Baba bai waiwayo ba. Hannunsa ya tsaya a sama, sannan ya sauke shi a hankali a kan gwiwarsa. Ya ce, "Sarkin ruwa, ka ji."

Sarkin ruwa ya ce, "Na ji." Sai ya juya idonsa guda ɗin nan ya kafa wa Baffa. Kowa ya kalli Baffa. Kalma uku ake jira ya faɗa. Ƙanen ubana, wanda Baba ya goya a bayansa, wanda Baba ya koya wa darar ma kanta. Ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙumba a hannu. Aka jira shi, aka jira shi. Bai ce "ban ji ba" ba. Tir da wannan hali, na faɗa a ranar, na kuma faɗa yau, ko da yake ƙasa ta rufe masa ido.

Baba ya tsince kararensa ɗaya bayan ɗaya, ya shafe gurabe da tafin hannu, ya ce, "Jirgi naka ne. Allah ya sa albarka." Ya tashi ya karkaɗe wandonsa ya nufi gida. Na waiga in ga ɗan Baffa, ya riga ya koma bayan ubansa.

Da ya dake ni da ya fi mini. Da ya zage ni a gaban jama'a, ko ya kore ni, da na samu abin riƙewa. Bai yi ko ɗaya ba. Kwana uku ina raɓe-raɓe, a na huɗu na same shi yana ɗinkin rabin tarun da ya rage masa, na durƙusa na ce, "Baba, na ga kamar ba ka gani ba ne." Bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Tun a zubi na ajiye shi a wurin. Ina ba ƙanena lokaci ne ya gama kallon jirgin." Ya ci gaba da ɗinkinsa. Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar har ya koma ga Allah. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, ni kuwa ko rimin ban hau ba na buɗe baki.

Muka tashi a jirgin aro. Sabon garin gidajen siminti ne a jere kamar haƙora, da rana tanda, ƙasar wurin tsakuwa ce, albasa ta ƙi. Baba, mutumin da a da ke da jirgin kansa, ya koma bin jirgin wasu ana ba shi kaso. Da ƙarfinsa ya ragu ya koma gyaran tarun mutane a bakin kasuwa. A can ma an samu inuwa an danna gurabe, ana kiransa, "Malam, zo mu taɓa." Sai ya ce idonsa ba ya gani sosai. Ƙarya ce, yana zura zare a allura ba tabarau. Bai sake sa hannu a dara ba. Ni kuwa na kasa zama ina kallonsa, na bi motar bandar kifi zuwa Kano, daga kifi na koma tireda, Allah ya rufa asiri har na sa yara a makaranta. Ga shi ɗaya ya kawo ni inda ake shan ruwa a roba. Kowa yana cewa na yi sa'a. Ni na san abin da ya fitar da ni daga gida.

Jiya Asabar ban je Deira ba. Yau Lahadi da safe na ce wa ɗana ya fito da mota. Bai tambaye ni ina za mu ba. Ba don zumunci na je ba, kada wani ya yaba mini. So nake in ji daga bakinsa.

Al Nahda gidaje ne dogaye a cunkushe, kowace baranda da shanya. Filat ɗin nasu na haɗaka ne, takalma sun cika bakin ƙofa. Ɗansa ya tarbe mu yana ta rawar jiki, "Sannu da zuwa Baba, sannu Baba," ya kai mu ɗaki. Ga mutumin a kishingiɗe a kan katifa, an tokare shi da matasai. Ya bushe kamar kifin banda. Idon nan dai na nan, mai kallo ta ƙasa.

Na yi sallama, ya amsa. Ya ce, "Ka tsufa."

Na ce, "Kai kuwa ka ƙara kyau."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya yi wa 'ya'yan namu alama da hannu su ba mu wuri, suka fita falo. Sai ya laluba gefen katifa ya jawo wani abu ya ajiye a tsakaninmu. Kiret ɗin ƙwai ne na kwali, babu ƙwan. Ya ce, "Duba ka gani." Na duba. Layi biyar, kowane layi gurbi shida. Ya zazzage wata leda, ƙwallayen dabino da tsinken ashana suka zubo.

Ya ce, "Wata biyu ina neman wanda zan yi da shi a garin nan, na rasa. Yaran nan sai ta allo, su yi ta ihu. A gida ma duk waɗanda suka san irin tamu sun mutu. Saura ni da kai."

Na yi niyyar in shure kiret ɗin. Wallahi na yi niyya. Hannuna ne ya ci amanata, na ga ya tattara ashana. Muka yi zubi, muka shiga tafiya, ba wanda ya ce uffan. Rabon da in ji irin wannan shirun tun a gindin tsamiya, kuma abin haushin a ce a ɗakin maƙiyina na same shi. Wani lokaci ƙwallon ya suɓuce masa ya faɗa gurbin da ba shi yake nufi ba, sai ya ɗauka ya gyara, na ƙyale shi. Amma ban saurara masa ba. Na ci, na ci, na kuma ci, sai da na bar shi da ƙwallo biyu da ba za su jera komai ba. Na zaci zan ji sanyi a raina. Ban ji komai ba.

Na ce, "Da gangan ka yi?"

Bai tambaye ni me nake nufi ba. Ya ce, "Da gangan. Na ga dokin, na san tsohonka ya gani, na kuma san bakinka. Tsohona bai sa ni ba, ni na yi wa kaina."

"Jirgin fa?"

"Bai yi damina uku ba. Ruwan tafki ba irin na kogi ba ne. Iska ta taso mana ta maka shi a kan wani itacen da ruwa ya shanye, ya tsage biyu. Da ƙyar muka fita da rai."

Na ce, "Ubana ya mutu yana ɗinkin tarun wasu."

Ya ce, "Na sani. Ni na yi raɗa, na ɗauki nawa, na daɗe ina ɗauke da shi." Bai ƙarasa ba, amma na ji sauran: shi ya yi raɗa, ni na buɗe baki. Sai ya miƙo hannu ya kama bakin rigata. "Ɗan'uwa, gobe za su tsaga ƙirjina. Likita ya ce inshallah, amma na ga fuskarsa. Ka yafe mini."

Kowa ya san abin da ake faɗa a irin wannan wuri, ko yaron goye ya sani. Na buɗe baki na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya ci gaba da kallona yana jira. Da ya ga na kama sandata sai ya ce, "Rabi ka faɗa. Ba ka ce ka yafe ba."

Na ce, "Shi nake da shi." Na zare rigata daga hannunsa na fito.

A mota ɗana ya yi ta tuƙi yana satar kallona, ashe ƙofar ɗakin ba ta rufu ba, duk sun ji. Sai da muka tsaya a danja ya ce, "Baba, don girman Allah, me zai rage ka da shi? Mutum yana bakin kabari. Kalma biyu ce fa."

Na ce, "Mu biyu ne a bayan kakanka ran nan. Shekara sittin muna ɗauke da kayan nan, shi da gefe ni da gefe. In na sauke masa nasa, wa ka ga zai ɗauka? In na yafe masa, ba sauran kowa a wurin sai ni da bakina."

Danja ta ba mu hanya, ya ja mota har muka iso gida. Gobe da ƙarfe takwas na safe za a shiga da shi. Tun da muka idar da la'asar ɗana ya kawo wayarsa ya ajiye a kan dardumata, da lambar ɗan mutumin a buɗe, ya fita ya ja ƙofa. Ban taɓa ta ba. Ban kuma kira shi ya zo ya ɗauke ba.